Yadda ake gano matsalar kuloci da birki a motar dizal ta hannu

Kuloci da birki maƙwabta ne a ƙarƙashin ƙafar direba, kuma a motoci da yawa daga kofi ɗaya suke shan mai, shi ya sa idan ɗaya ya fara ciwo akan ɗora wa ɗayan laifi. A motar dizal abin ya fi rikitarwa, domin akwai sassa biyu da suka fi shafar irin wannan inji, wato famfon da yake zuƙe iska domin taimakon birki, da kuma fulawil mai ɓari biyu, wato faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tsakanin inji da kuloci. Wanda bai san da su ba yana iya canza kayan da lafiyarsu ƙalau, ya bar ainihin ciwon yana nan. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a lura da lokacin da matsalar take bayyana: inji yana kashe ne ko yana aiki, ƙafa tana kan feda ne ko an ɗaga ta, mota ta yi zafi ne ko da sanyinta. Amsar waɗannan tambayoyi ita take nuna inda za a sa hannu, kuma a kullum a fara da abin da ake gani ba tare da an kwance komai ba.

Kafin a tayar da inji

Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ka buɗe bonet, ka nemi kofin man birki, wanda yake zaune a kan masta, wato silindar da take tura mai idan an taka feda, a gaban wurin zaman direba. Ka duba ko man yana tsakanin layin sama da na ƙasa, sannan ka duba launinsa. Sabon mai garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa, wanda ya daɗe kuwa yakan yi duhu. Idan man ya ɗan sauka, wannan ba lallai ne yoyo ba, domin yayin da fatar birki take cinyewa, fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse fatar a jikin faifan birki, yana ƙara fitowa waje, mai kuma yana bin sa ya cike gurbin. Saboda haka kada ka yi gaggawar ƙara mai kafin ka ga kaurin fatar, in ba haka ba ranar da aka sa sabuwa aka mayar da fistin ciki, kofin zai yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti.

Ka duba gefen kofin da kyau. Idan ka ga wani ƙaramin tiyo ya fita daga gefensa, sama da gindinsa, ya nufi wajen fedar kuloci, to kofi ɗaya suke amfani da shi. Da gangan masu ƙera mota suke ɗaga mafitar kuloci sama, domin idan aka samu yoyo, kuloci ne zai fara rasa mai, birki kuma ya rage da abin da zai tsayar da mota. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen bincike: idan fedar kuloci ta faɗi ƙasa ba zato, kuma man kofi ya sauka, akwai yiwuwar yoyon yana ɓangaren birki ne, kulocin kawai ya riga shi nunawa. Duk wanda ya ga haka ya bi bututun birki har tayoyi huɗu kafin ya taɓa kuloci.

Daga nan ka shiga cikin motar da tocila, ka leƙa sama da fedoji. Idan kafet ya jiƙe, ko sandar da ta shiga mastan kuloci tana da danshi, robar bayan mastan ta mutu. Ga mai shirin sayen motar, a nan ne kuma zai kwatanta robar kan fedoji da lambar da agogon tafiya yake nunawa, domin feda da ta cinye har ƙarfe ya fito ba ta dace da motar da aka ce ba ta yi nisa ba. A ƙarshe ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar birki da ta ABS, wato na’urar da ke hana tayoyi kullewa lokacin birki, su kama, sannan ta ABS ta mutu bayan ’yan daƙiƙoƙi. Fitilar da ba ta kama ba ko kaɗan ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin yana iya yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala.

Birkin da ya yi tauri

A nan ne motar dizal ta bambanta da ta fetur, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Bayan mastan birki akwai wata baƙar tukunya mai faɗi, wadda ake kira busta. Aikinta shi ne ta ninka ƙarfin ƙafar direba, kuma tana yin haka ne idan an zuƙe iskar da ke cikinta. Injin fetur yana samar da wannan zuƙa da kansa, saboda ƙofar totur da ke tare hanyar iska. Injin dizal kuwa yana shaƙar iska a sake, ana sarrafa ƙarfinsa ne da yawan man da aka fesa, saboda haka sai aka yi masa famfo na musamman. A yawancin motoci famfon yana maƙale a ƙarshen kan inji, sandar da ke buɗe bawul ce take juya shi, a wasu tsofaffin injuna kuma yana bayan altaneta.

Gwajin bustar ba ya buƙatar kayan aiki. Inji yana kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har fedar ta yi tauri, ka bar ƙafarka a kai da matsakaicin ƙarfi, sannan ka tayar da inji. Idan komai lafiya, za ka ji fedar ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafarka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan ba ta motsa ba, taimakon ba ya zuwa. Bayan haka ka bar injin ya yi aiki na minti ɗaya, ka kashe shi, ka jira kamar minti biyu, ka sake takawa. Takun farko da na biyu ya kamata su zo da sauƙi, daga nan su riƙa yin tauri. Idan tun takun farko ya zo da tauri, to iska tana shiga ta wani wuri, ko ta bustar kanta, ko ta ƙaramin bawul mai hanya ɗaya da ke kan tiyo.

Akwai wata alama da ta fi nuna gajiyar famfo. Birki yana kamawa da kyau a taku na farko, amma idan aka taka sau uku ko huɗu a jere, kamar a cunkoso ko wajen gyara fakin, sai fedar ta sandare, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo daidai. Ma’anar wannan ita ce famfon yana aiki, amma ba ya iya mayar da zuƙar da sauri. Kafin a yanke masa hukunci, a bi tiyon daga famfo zuwa busta da hannu, domin robar da ta daɗe a zafin inji takan tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Bakanike mai agogon auna zuƙa zai iya haɗa shi kai tsaye a bakin famfo, ya kwatanta abin da ya gani da adadin da kamfanin motar ya rubuta, kuma wannan awon ya fi duk wani hasashe. A lura kuma cewa a injunan dizal da yawa wannan famfo ɗaya ne yake ba turbo da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, zuƙar da suke aiki da ita, ta wasu siraran tiyoyi. Idan mota ta rasa ƙarfin ja a daidai lokacin da birkinta ya fara tauri, mai yiwuwa ba matsaloli biyu ba ne, tiyo ɗaya ne ya huje.

Birkin da ya yi laushi ko yake nutsewa

Feda mai laushi, wadda take ƙara ƙarfi idan aka taka ta sau biyu ko uku da sauri, tana nuna iska a cikin bututu, ko kuma takalman birkin baya sun yi nisa da ganga a motar da ke da birkin ganga. Iska ba ta shiga haka kawai, ko dai an taɓa buɗe layin ba a fitar da ita da kyau ba, ko kofi ya taɓa bushewa. Idan kuwa birki lafiya yake da safe amma yakan yi laushi bayan doguwar gangara, a zargi man. Man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 yana shan danshi daga iska a hankali, kuma danshin yana rage zafin da man zai iya jurewa kafin ya tafasa. Bisa ƙa’ida, sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyos, amma wanda ya sha ruwa ana lissafa shi a kan digiri 155, DOT 3 kuma daga 205 yake sauka zuwa 140. Da zarar man ya tafasa sai tururi ya samu a cikin layi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin kamfanoni suke cewa a canza man duk shekara biyu, kuma a motar hannu da ba a san tarihinta ba, ina ganin canza shi ya kamata ya zama aikin farko. A zuba irin wanda aka rubuta a kan murfin kofi. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma ɗigon man inji ko na sitiyari a cikin kofin ya isa ya kumbura duk robobin layin.

Fedar da take nutsewa a hankali alhali ƙafa tana riƙe da ita da ƙarfi ɗaya magana ce daban. Idan man kofi yana raguwa, akwai yoyo, sai a duba bayan kowace taya, da tiyoyin roba, da bututun ƙarfe inda tsatsa ta ci. Idan yana raguwa amma ba a ga ɗigo ko’ina ba, a sassauta masta daga jikin busta a leƙa, domin yana iya zuba man a cikin tukunyar. Idan kuwa man ba ya raguwa ko kaɗan, robobin cikin masta ne suke barin mai ya koma baya. Sai dai a nan akwai tarko da ya keɓanta da dizal. Famfon yana ci gaba da zuƙa muddin inji yana aiki, saboda haka a wasu motoci, idan aka danne birki da ƙarfi sosai a tsaye, fedar takan ci gaba da sauka kaɗan-kaɗan ko da babu abin da ya lalace. Hanyar rarrabewa ita ce a kashe inji, a taka har taimakon busta ya ƙare, sannan a danne na rabin minti. Idan ta tsaya cik, masta ba shi da laifi. Idan ta ci gaba da sauka, kada a hau titi da motar.

Sauran alamun a kan hanya ake ganin su, a wuri mai fili da babu zirga-zirga. Motar da take ja gefe ɗaya idan an taka birki, bayan an tabbatar iskar tayoyi daidai take, galibi kalifa ce ta maƙale ko tiyo ya toshe ta ciki. Bayan ’yar tafiya ba tare da yawan birki ba, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace taya ba tare da ka taɓa ƙarfen ba, wadda ta fi ’yan’uwanta zafi ita ce birkinta ba ya saki. Rawar sitiyari lokacin birki daga faifan gaba take zuwa, idan kaurinsa ya daina zama ɗaya. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe tana nufin fata ta ƙare. Sabuwar fata takan kai milimita 10 zuwa 12, kuma idan ta sauka zuwa 3 lokacin canji ya yi. Shi ma faifan yana da iyaka, an buga ta a jikinsa bayan haruffan MIN TH. Ana canza fata da faifai a ɓangarorin biyu tare, hagu da dama. Wajen wannan dubawa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kuma kada a hure ƙurar birki da iska, a wanke ta, domin illa ce ga huhu.

Kuloci

Matsalar kuloci iri biyu ce a asali: ko ya ƙi kamawa sosai, ko ya ƙi saki sosai. Sanin wanne ne a cikinsu yana da muhimmanci, domin na farko kusan kullum sai an sauke giyabos, na biyu kuwa sau da yawa daga waje ake gyara shi.

Zamewa ita ce rashin kamawa. Injin dizal yana ba da mafi girman ƙarfin murɗawarsa a ƙananan juyi, kusan tsakanin 1,500 da 2,500 a minti ɗaya, saboda haka a wannan wurin ne kulocin da ya gaji yake fara tona kansa. Bayan mota ta yi zafi, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar a hanya mai ɗan hawa, allurar juyin inji tana wajen 1,800, sannan ka danne totur har ƙasa. A lafiyayyar mota allurar juyi da ta gudu tare suke hawa. Idan ta juyi ta yi tsalle, inji ya yi kuka, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa, kuma wani lokaci har ƙaurin ƙonewa za a ji. Akwai masu gwadawa a tsaye, su ja birkin hannu, su sa giya ta uku, su saki kuloci a hankali su ga ko inji zai mutu. Gwajin yana aiki, amma ba na son sa a dizal, domin yana dafa faifan kuloci kuma yana dukan fulawil a banza. Kafin a ce faifai ya ƙare, a tabbatar fedar tana dawowa har sama, kuma a motar da ke amfani da waya a tabbatar akwai ɗan wasa a fedar, domin wayar da aka ɗaure fiye da kima tana hana kuloci zama. A kuma leƙa ƙasan inda inji ya haɗu da giyabos. Baƙin mai a wurin yana nuna robar bayan inji tana yoyo, kuma idan aka sa sabon faifai ba a canza ta ba, shi ma zai jiƙe ya zame. Tsayin wurin da kuloci yake kamawa ba hujja ce mai ƙarfi ba, tun da wasu motoci suna da kuloci mai daidaita kansa.

Rashin saki yana bayyana ne wajen sa giya, musamman ta ɗaya da ribas. Ka gwada inji yana kashe. Idan giyoyi suna shiga sumul, amma da an tayar da inji sai su ƙi ko ribas ta yi gurza, to laifin ba na giyabos ba ne, kuloci ne bai rabu da inji ba. Ka taka fedar har ƙasa, ka jira daƙiƙa uku, sannan ka nemi ribas, domin a motoci da yawa ita ce giyar da ba ta da zoben daidaita gudu, kuma ita take fara nuna gaskiya. Idan taka fedar sau da yawa da sauri ya sa giya ta shiga, matsalar ta mai ce: iska a layi, ko masta na sama da ke wajen feda, ko na ƙasa da ke wajen giyabos. Haka nan idan ka riƙe fedar a ƙasa a giya ta ɗaya, bayan ɗan lokaci motar ta fara jan jiki gaba da kanta, matsin yana zurarewa ta robar ɗaya daga cikinsu. Sai a duba inda masta na ƙasa yake. Idan a jikin giyabos yake ta waje, aikin ƙarami ne. Idan kuwa bututun ya shige cikin giyabos ɗin, to irin wanda aka haɗa da boris ɗin da ke sakin kuloci ne, kuma ɗigon man birki daga ƙasan wurin yana nufin sai an sauke giyabos.

Ƙara kuwa da ƙafa ake bambance ta. Inji yana aiki, giya tana firi, ka saurara sau uku: ƙafa a ɗage, ƙafa ta ɗan taɓa feda, da kuma ƙafa a ƙasa. Kukan da yake farawa da zarar an taɓa fedar na boris ɗin kuloci ne. Wanda ake ji ƙafa a ɗage, ya ɓace idan an taka, daga giyabos yake ko daga fulawil. Wanda ba ya zuwa sai fedar ta kai ƙasa yana iya zama na ƙaramin boris da ke riƙe bakin sandar giyabos, a motocin da suke da shi.

Fulawil mai ɓari biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi tsada a wannan sashe, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara ƙera shi da yawa a 1985, kuma daga baya ya zama ruwan dare a motocin dizal masu giyar hannu. Injin dizal yana matse iska sosai, kowace fashewa a cikin silinda tana zuwa da duka mai ƙarfi, sai aka raba fulawil gida biyu aka sa sifirin a tsakani domin ya shanye dukan kafin ya isa giyabos. Idan sifirin ɗin suka gaji, za a ji kwaramniya lokacin da inji yake aiki a tsaye, da wani bugu kamar an girgiza gwangwani mai duwatsu a daidai lokacin tayarwa da lokacin kashewa, da kuma rawa a ƙasan mota idan aka ja ta a babbar giya da ƙananan juyi. Ka kashe injin sau ɗaya ƙafa a ɗage, sau ɗaya kuma kana take da kuloci, ka ji ko bugun ya canza. Amma kada a yi saurin yanke hukunci, domin nozul da ba ya fesa mai daidai, ko robar da ke riƙe inji da ta yage, suna kawo irin wannan rawa, kuma nozul mara lafiya ko sitata mai rauni suna iya kashe sabon fulawil kafin lokacinsa. Haka ma karkarwar da mota take yi wajen tashi daga tsaye: a fara duba robobin inji, sannan a yi tunanin mai a kan faifai ko tabon zafi a fuskar fulawil.

Idan bincike ya kai ga cewa sai an sauke giyabos, mafi yawan wahalar a saukewar take, saboda haka kada a canza faifai kaɗai a rufe. A sa faifai da farantin matsi da boris a matsayin saiti ɗaya, a canza masta na ƙasa idan na ciki ne ko da bai fara yoyo ba, a duba robar bayan inji da ta bakin giyabos, sannan a auna wasan fulawil, na juyawa da na girgiza, a kwatanta da iyakar da mai ƙera shi ya bayar. Fulawil da ya zubar da giris, ko fuskarsa ta yi shuɗi ko ta tsattsage, ba a mayar da shi, kuma ba a goge fuskar mai ɓari biyu a injin sassaƙa kamar yadda ake yi wa na ƙarfe ɗaya. Bayan an haɗa komai, a fitar da iska daga layin kuloci ana lura da kofi kada man ya sauka ƙasa da mafitarsa, sannan a sake gwada birki a tsaye, inji a kashe da kuma inji yana aiki, kafin motar ta fita titi.